Sharhi: A Hannun Wa Ajiyarmu Take?

Ana saura mako biyu a rufe zangon karatun da ya wuce, wata abokiyar aikinmu da ke koyar da aji biyar a ɗaya daga cikin makarantun firamare na wannan yanki ta sauka daga keke a bakin kasuwar Kakuri, ta laluba jakarta, ta tarar babu waya. Wayar ba mai tsada ba ce, fuskarta ma ta daɗe da tsagewa. Sai dai a cikinta ne makin gwaje-gwajen ɗalibanta na zangon gaba ɗaya yake, da hotunan takardun shaidar karatunta, da lambobin iyayen yara. Da ta je neman a dawo mata da layinta, sai ta tuna da sunan ƙanenta aka yi masa rajista, shi kuwa yana aiki a wata jiha mai nisa. Da aka ce ta buɗe asusunta na imel a wata wayar, sai ta ce yaron shagon da ya sayar mata da wayar ne ya buɗe mata shi, ba ta taɓa sanin kalmar sirrin ba. Kwana tara ta yi, ita da 'yarta, suna bin littattafan yara ɗaya bayan ɗaya suna tattara maki. Waɗanda littattafansu suka ɓace kuwa, dole ta sake yi musu gwaji.

Wannan labari ya zaga ɗakunan malamai daga Makera zuwa Barnawa, kuma duk inda ya sauka sai ya tayar da muhawarar da muka saba ji. Dattawan cikinmu, waɗanda suka fara aiki tun ana rubuta tsarin darasi da alƙalami mai tawada, suna cewa dama sun faɗa: abin da ba ka iya riƙewa a hannu ka ninke ka sa a akwati, ba naka ba ne. Matasanmu kuma suna cewa laifin na rashin sani ne, don da ta kunna ajiya ta intanet, da minti biyar ya isa komai ya dawo. Akwai kuma rukuni na uku da ya wuce nan, masu cewa nan gaba kaɗan ba wanda zai wahala da tara maki ko rubuta darasi, domin ƙirƙirarriyar basira za ta ɗauke mana wannan nauyi. Wasu na faɗin haka da murna, wasu kuma da fargabar cewa ranar da ta ɗauke nauyin, za ta haɗa da albashin.

Mun saurari kowane ɓangare, kuma kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Amma a ganinmu muhawarar ta kauce wa tambayar da ta fi muhimmanci. Ko a takarda aka rubuta abu, ko a waya, ko a wani rumbu da ke ƙetaren teku, abin da ya kamata malami ya tambayi kansa shi ne: ranar da buƙata ta taso, a hannun wa wannan ajiya take, kuma wa zai amsa tambaya idan ta salwanta ko ta faɗa hannun da bai dace ba? Matsayinmu a wannan reshe shi ne, takardun aikin malami, da bayanan ɗalibansa, da hukuncin da yake yankewa a kan karatunsu, tilas ne mabuɗinsu ya kasance a hannunsa. Kowace na'ura muna maraba da ita matuƙar ta amince da wannan sharaɗi.

Ba sai an koya wa mutumin Makera darajar takarda ba. Da yawanmu 'ya'yan ma'aikatan masaƙu ne. A nan Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙun suka biyo bayanta, har ya zama jiniyar canjin aiki ce agogon unguwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Mun ga iyayenmu shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, kuma mun ga abin da suke fitarwa daga ƙarƙashin katifa duk ranar da aka kira taro: katin shaidar aiki da takardar ɗauka, an naɗe su cikin leda. Kamfanin da ake ganin ba zai taɓa girgiza ba ya tsaya cik, aka bar ma'aikaci da abin da ya adana da hannunsa.

Mu ma malamai mun ɗanɗana namu. A 2017, bayan jarrabawar gwajin ƙwarewa da gwamnatin jiha ta shirya, aka bayyana cewa malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka gindaya ba, al'amarin da ya kai ƙungiyarmu ga yajin aiki a watan Janairun 2018. A watan Yunin 2022 kuma aka sake sallamar malamai 2,357. Kowa yana da ra'ayinsa a kan waɗannan al'amura, kuma ba su ne maudu'inmu na yau ba. Darasin da muka ɗauka daga gare su dai shi ne, makomar malami tana iya rataya a kan layi ɗaya da aka rubuta game da shi a cikin wani jerin sunaye. Haka abin yake a duk lokacin tantancewa, da lokacin ƙarin girma, da ranar da mutum ya fara bin fansho da garatuti. Harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin sunan da ke takardar ɗaukar aiki da wanda ke lambar NIN ko BVN ya isa ya tsayar da albashin wata da watanni. Wanda ke da cikakkun takardunsa a hannu yana da bakin magana. Wanda ba shi da su kuwa, sai ya koma roƙo a kan abin da yake haƙƙinsa ne.

To, bari mu duba maganar matasanmu, mu ga mene ne ainihin wannan ajiya ta intanet. Idan waya ta ce ta adana hotunanka, abin da ya faru shi ne ta aika da su zuwa wasu manyan kwamfutoci na kamfani, a cikin gine-gine masu cin wuta da ruwan sanyaya injuna, galibi a wasu ƙasashe. Amfanin wannan a fili yake: ko an sace waya, ko ta faɗa rijiya, abin da aka aika yana nan. Amma rumbun na mai shi ne, mu 'yan haya ne, kuma mai gida ne ke tsara sharuɗɗa. Kamfanin Google, alal misali, yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, wanda saƙonnin imel da hotuna da sauran takardu ke rabawa. Idan wurin ya cika, sabon abu ba ya shiga, kuma mutane da yawa ba sa lura sai ranar da suka je nema. Tun daga watan Disambar 2023 kamfanin ya tanadi ikon goge asusun da aka shekara biyu ba a taɓa shi ba. Waɗanda suka yi zamanin BBM kuma za su tuna cewa an rufe shi a 2019, duk da yadda ya taɓa mamaye hannun jama'a. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Sa'an nan ita kanta hanyar zuwa rumbun tana iya toshewa. A ƙarshen watan Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar nan saboda matsalar tsaro, kuma sai da aka yi kusan wata biyu kafin a dawo da su. Abokan aikinmu da ke koyarwa a waɗancan wurare sun san yadda ake tafiya mai nisa don kawai a aika saƙo ɗaya. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da na ofisoshi suka yi tsaiko a ƙasashe da dama, har da Nijeriya. Ko ba wannan ba, wutar lantarki da ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, da datar da ke ƙarewa kafin wata ya ƙare, sun isa su raba mutum da ajiyarsa a daidai ranar da aka ce ya kawo ta.

Mafi rauni a cikin wannan sarƙa kuwa shi ne mabuɗi. Kusan kowane asusu an ɗaure shi ne da layin waya, domin ta nan ake turo lambar tabbatarwa. Tun da aka umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN a watan Disambar 2020, wanda layinsa ke ɗauke da sunan wani yana zaune ne a kan aro. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma, kamfani yana iya karɓe shi ya sake sayar wa wani, sabon mai shi ya riƙa samun saƙonnin da aka yi nufin su ga tsohon. Saboda haka malamin da bai san kalmar sirrin imel ɗinsa ba, kuma layinsa ba da sunansa yake ba, ya gina rumbu ne ya bar mabuɗin a kasuwa.

Kada dattawanmu su yi saurin cewa sun yi nasara, domin takarda ma tana da nata maƙiyan. Gaskiya ne a gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna, da kuma Gidan Arewa da aka kafa a 1970, akwai takardun da suka girmi kakanninmu kuma har yau ana karanta su, alhali faifan CD da muka zuba hotunan biki a ciki shekaru goma sha biyar da suka wuce, yau da wuya a sami na'urar da za ta buɗe shi. Amma waɗancan takardu sun rayu ne don akwai masu kula da su. Wane ne a cikinmu bai taɓa buɗe kabad ɗin ofishin shugaban makaranta ya tarar gara ta cinye rajistar shekaru ba? Wa bai ga rufin da ya yi yoyo a kan fayiloli ba, ko gidan da ruwa ya shiga da damina a unguwannin da ke bakin kogi? Gobara ɗaya ta isa ta shafe shaidar aikin shekara talatin. Mai takarda ɗaya tal a akwati da mai hoto ɗaya tal a waya, matsayinsu ɗaya: kowannensu ya dogara da abu guda.

Maganin wannan ba sabo ba ne, kuma masana harkar ajiya sun daɗe suna faɗinsa: duk abin da ba ka son rasawa, ka mallaki kwafinsa uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam da inda kake kwana. Ga malami, fassarar wannan mai sauƙi ce. Takardun asali su zauna a gida cikin leda mai kauri, nesa da ƙasa da bango. A yi musu hoto mai kyau a zuba a filas ko katin memori, a ajiye shi a gidan wani ɗan'uwa amintacce, a riƙa duba shi ko da sau ɗaya a shekara, domin shi ma yana lalacewa ba tare da sallama ba. Kwafi na uku ya tafi asusun intanet wanda mai shi ya buɗe da hannunsa, a kan layin da ke ɗauke da sunansa. Makin ɗalibai kuwa, a fara shigar da shi a littafin makaranta, waya ta zama mataimakiya. Duk wannan bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, rabin yini kawai yake buƙata.

Ya zuwa nan muna magana ne a kan abin da yake namu. Akwai kuma abin da ba namu ba, wanda aka ba mu amanarsa. A wayar kowane malamin aji akwai sunayen yara, da ranakun haihuwarsu, da hotunansu, da lambobin iyayensu, wani lokaci har da bayanin rashin lafiyar wani yaro ko halin da gidansu ke ciki. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗauki irin waɗannan bayanai da muhimmanci, ta kuma shar'anta neman yardar iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro, in ban da wuraren da doka ta keɓe. Amma tun kafin doka, tarbiyyarmu ta hana mu tallata sirrin ɗan wani. Duk da haka, sau nawa muka ga an ɗora sakamakon aji gaba ɗaya a zauren WhatsApp na iyaye, kowa yana ganin wanda ya zo na ƙarshe? Sau nawa aka ɗauki bidiyon yaron da ya kasa karatu, aka yaɗa don a yi dariya? Abin da ya shiga waya hamsin ba ya dawowa, kuma yaron zai girma ya same shi yana jiransa.

Akwai wasu ƙofofin da bayanai ke fita ba da saninmu ba. Idan wata ya yi nisa aljihu ya bushe, manhajojin bayar da bashi suna da saurin amsawa, amma da yawansu sai sun nemi izinin shiga jerin lambobin da ke wayar. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta ɗauki mataki a kan wasu daga cikinsu a 2022, saboda yadda suke aika wa 'yan'uwa da abokan wanda ya ci bashi saƙonnin cin mutunci. Malamin da ya danna amincewa, ya miƙa musu lambobin iyayen ɗalibansa ke nan. Haka nan wayar da aka kai gyara a buɗe, ko aka sayar ba a goge ta sarai ba. Kada kuma mu ɗauka manyan kamfanoni sun fi ƙarfin zargi, domin a watan Yulin 2024 wannan hukuma ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake tafiyar da bayanan 'yan Nijeriya. Abin da ake ba mu kyauta, da bayananmu muke biyan kuɗinsa.

Wannan ya kawo mu ga rukuni na uku da maganar ƙirƙirarriyar basira. Tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen watan Nuwambar 2022, musamman kuma tun da Meta AI ta bayyana a cikin WhatsApp a ƙasar nan a 2024, abin ya shigo ɗakin malamai ba tare da ya nemi izini ba. Ba za mu yi munafunci ba: da yawanmu muna amfani da ita, kuma tana da amfani. Malamin da ke da ɗalibai fiye da yadda benci zai ɗauka, ga rubutun tsarin darasi, ga tambayoyin jarrabawa, ga gyaran littattafai, idan ya sami abin da zai zayyano masa tambayoyin lissafi ashirin cikin minti ɗaya, ba za mu ce ya yi laifi ba.

Sai dai ya kamata mu san abin da muke hulɗa da shi. An horar da waɗannan manhajoji ne da ɗimbin rubuce-rubuce, har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Shi ya sa maganarsu take fita sumul, shi ya sa kuma sukan shirya ƙarya da irin natsuwar da suke faɗin gaskiya. A watan Yunin 2023 wata kotu a birnin New York na Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000, saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen shari'a da manhajar ta ƙirƙiro, waɗanda ba a taɓa yin su ba. Idan lauyoyi sun faɗa wannan rami, malamin da ke sauri da daddare bai tsira ba. Kuma da yake yawancin rubutun da aka horar da su da shi na Ingilishi ne da sauran manyan harsuna, rauninsu ya fi bayyana a inda muka fi buƙatarsu: Hausa da sauran harsunanmu, tarihin garuruwanmu, da misalan da yaron Makera zai gane. Duk wanda ya gwada neman karin magana ko tarihin wata unguwa ya ga yadda ake haɗa masa gaskiya da ƙage a kwano ɗaya.

Saboda haka ƙa'idarmu a nan ita ce: wanda ya sa hannu shi ke da alhaki. Idan na'ura ta tsara darasi, malami ya karanta shi layi-layi, ya gwada shi da manhajar karatu da littafin da aka amince da shi, ya cire abin da bai tabbatar ba, ya sa misalan da suka dace da ajinsa. Ranar da mai duba makarantu ya sami kuskure a allo, ba kamfanin da ke Amurka zai tambaya ba. Kada a zuba sunayen ɗalibai da makinsu a cikin irin waɗannan manhajoji, domin abin da aka rubuta musu yana tafiya ne rumbun kamfani. Kada kuma a bar musu rubuta ra'ayin malami a katin sakamako. Wannan layi biyu da muke rubutawa a ƙarshen zango shaida ce ta wanda ya ga yaro wata uku, ya san ranar da ya zo da yunwa da ranar da ya fara gane rabawa. Game da yara kuwa, hukumar UNESCO ta ba da shawara a 2023 cewa kada a bar 'yan ƙasa da shekara 13 su yi amfani da irin wannan fasaha a aji. Manyan ɗalibai da ke kawo aikin gida wanda ya fi ƙarfin bakinsu, hanyar gane su tsohuwa ce: a tsayar da yaro ya yi bayanin abin da ya rubuta.

Fargabar da wasunmu ke yi cewa na'ura za ta karɓe aikin malami, ba mu ga alamarta a ajin da ko soket babu ba. Abin da ya fi kusa, wanda kuma ya fi cancantar ƙungiya ta sa masa ido, shi ne ranar da za a ɗora wa na'ura yanke hukunci a kan malami ko ɗalibi, a ce kuma ba a jayayya da kwamfuta. A Ingila, a 2020, da annobar korona ta hana jarrabawa, an yi amfani da wani tsarin lissafi wajen fitar da sakamakon ɗaliban sakandare, ya rage kusan kashi 40 cikin ɗari na makin da malamai suka bayar. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye shi ta koma ga hukuncin malamai. A nan gida, JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma a watan Mayun 2025 shugabanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Mun yaba da wannan amsa laifi. Amma gyaran ya samu ne don mutane sun yi ƙorafi, kuma an sami bayanan da aka koma aka bincika.

A kan haka muke kira ga hukumomin da ke ɗaukar mu aiki, da shugabannin ƙungiyarmu na jiha, da su tsaya a kan abubuwa huɗu. Na farko, kowane malami ya sami damar ganin abin da aka rubuta game da shi a rumbun bayanan ma'aikata, da hanyar gyara kuskure cikin lokaci sananne. Dokar 2023 ta ba kowane ɗan ƙasa wannan haƙƙi. Na biyu, duk jarrabawa ko tantancewar da aka yi ta kwamfuta, a ba mutum shaidar sakamakonsa a hannu, kuma kada a sallami kowa ko a tsayar da albashinsa sai ɗan'adam mai suna da ofis ya duba lamarinsa ya saurare shi. Na uku, idan aikin hukuma ne ke buƙatar waya da data, hukuma ta ɗauki nauyinsu. Tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kowane fom da aka ce a cika ta intanet daga tukunyar gidan malami yake fita. Na huɗu, a horar da mutane kafin a gwada su. Malamar da ta shekara ashirin da biyar tana koyar da yara karatu ba ta zama jahila ba don hannunta na rawa a kan madannin kwamfuta.

Muna da magana kuma ga iyalanmu, domin wannan mujalla tana shiga gidaje. 'Ya'yanmu da suka fi mu sanin waya, ku zauna da iyayenku ku nuna musu, kada ku karɓa ku yi musu. Taimakon da ya bar uwa ba ta san kalmar sirrinta ba, ɗaure ta ya yi. Mazaje da matan malamai kuma, ku san inda takardun aiki suke. Mun sha raka iyalan abokan aikinmu da suka riga mu gidan gaskiya wajen bin haƙƙinsu, kuma mun ga yadda rashin takarda ɗaya, ko wayar da ba wanda ya san yadda ake buɗe ta, ke ƙara wa marayu watanni na zirga-zirga a kan baƙin cikin da suke ciki. Rubuta kalmomin sirri a takarda, a rufe a ambulan, a ajiye tare da takardun gida inda mutum ɗaya amintacce ya sani, ba kiran mutuwa ba ne. Tanadi ne irin wanda kowane mai iyali yake yi.

A namu ɓangaren, muna ba da shawarar cewa a taron reshe mai zuwa a ware lokaci, kowace makaranta ta fitar da mutum biyu, dattijo ɗaya da matashi ɗaya. Dattijon ya zo da jerin takardun da ya san ana nema daga ranar ɗauka zuwa ranar ritaya, domin ya bi hanyar ya san ramukanta. Matashin ya zo da sanin yadda ake ɗaukar hoton takarda ya fito sarai, da yadda ake buɗe asusu da kulle shi. Su bi abokan aikinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi nasa da hannunsa, kada kuma kowa ya riƙe kwafin takardun wani. Ta haka ɓangarorin nan biyu da ke muhawara a ɗakin malamai za su tarar kowannensu yana riƙe da rabin abin da ɗayan ke nema.

Abokiyar aikinmu ta sayi wata wayar, ta hannu, ta kuma yi sabon layi da sunanta. Ta miƙa sakamakon ajinta a kan lokaci, ko da yake ta ce ba ta fatan maƙiyinta ya yi irin waɗannan kwana tara. Makin wannan zango yana cikin littafi mai bango mai kauri, kuma duk ranar Juma'a bayan an tashi takan ɗauki hoton shafin makon ta aika asusunta. Sauranmu da ba a taɓa sace wa waya ba, muna da damar yin haka tun kafin zango ya ƙare.